Tafiyar Iyatu Zuwa Gungun Ɗorawa

Unguwar Gwari, Kontagora
9 ga Mayu, 1971

Zuwa ga Malam Mahmudu Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, ruwan farko ya sauka shekaranjiya, an soma shuka.

Na san za ka yi mamakin wannan wasiƙa, don ba ka san ni ba. Sunana Rabi'atu, ina koyarwa a makarantar firamare ta nan garin. Mahaifina shi ne Alhaji Abdulƙadiri mai sayar da yadi, mahaifiyarsa kuwa ita ce Iyatu, wadda aka haifa a Gungun Ɗorawa a tsakiyar kogin Kwara. In abin da aka gaya mini gaskiya ne, kakanka Na'inna ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Maikuɗi mai kawo busasshen kifi kasuwarmu shi ya ba ni adireshinka, ya ce kai ke tuƙa jirgin ma'aikatan binciken kifi a tafkin Kainji.

Dalilin rubutowata shi ne Iya. Tun rasuwar mijinta, kakanmu, bara ba ta sake komawa daidai ba. Likita ya duba ta ya ce ban da yanar ido babu abin da ke damunta, amma tuwo sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Matar da a da ba a iya zaman gidanmu saboda faɗanta, yanzu sai a yini ba a ji muryarta ba. Makon jiya ina yi mata kitso ta ce da ni, "Rabi'atu, ina so in ga Gungu kafin idon nan ya rufe."

Ta san an tashi mutanen tsibiran lokacin da aka datse ruwa, amma a zatonta garin yana nan, mutanen ne kawai suka fita. Mu kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya gani. Rabonta da can shekara ashirin da shida, tun rasuwar mahaifiyarsu. Saƙo bai iso ta da wuri ba, ta tarar an yi jana'iza, kuma akwai maganar da ta shiga tsakaninta da ƙaninta a ranar, wadda har yau ba ta faɗa wa kowa ba.

Don Allah ka gaya mini gaskiya. Me ya rage a Gungu? Kaka Na'inna yana da rai? In ta zo, za ka iya kai ta?

Ni ce 'yar'uwarka,
Rabi'atu

*

Sabuwar Bussa
28 ga Mayu, 1971

Zuwa ga ƙanwata Rabi'atu,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau uku a bakin ruwa. Ashe ina da ƙanwa malamar makaranta! To ki yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya, kuma Hausar tamu ta masunta ce. Matata Nana tana gaishe ki. Ki durƙusa ki gaishe mini da Iya da Alhaji.

Kaka Na'inna yana nan da ransa. Yana Sabon Gungu, garin da hukuma ta gina musu a gaɓar gabas, gidajen siminti a jere. Jikinsa da ƙwari, sai dai tun ranar da aka kwashe su bai sake sa ƙafa a jirgi ba. Mutumin da ya yi shekara sittin yana fito da albasa daga Gungu zuwa Yelwa, yanzu ko bakin ruwa ba ya zuwa. In ka yi masa maganar tafki sai ya ce shi kogi ya sani, bai san wannan ba.

Game da Gungu kuwa, kin ce in faɗi gaskiya. Ruwa ya ci gidaje, ya ci gonakin albasa, ya ci masallaci. A inda garin yake babu abin da ya rage sai kuka.

Jirgina kuma ba zan iya ɗaukar Iya a cikinsa ba. Amma ki dakata tukuna, akwai abin da nake ƙullawa, ba na so in faɗa sai ya tabbata.

Jibi za mu tashi aiki arewacin tafki, ga masinja yana jirana. Zan sake rubutowa.

Yayanki,
Dogo

*

Kontagora
10 ga Yuni, 1971

Malam Dogo,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu nan da sauƙi, ban da Iya.

Wasiƙarka ta iso ina makaranta, Baba ya karɓa. Da ya ga daga Bussa take sai ya buɗe ya karanta wa Iya da ƙarfi, bai fara dubawa shi kaɗai ba. Da ya zo inda ka ce ƙaninta yana da rai, an ce har zama ta gyara. Da ya kai inda ka ce babu abin da ya rage sai kuka, sai ta ce, "Ya isa, Abdulƙadiri." Ta juya fuskarta bango. Yau kwana shida ke nan, kunu kaɗai ke shiga cikinta.

Na roƙe ka gaskiya, ban roƙe ka ka zuba mana ita haka ba. Mun san akwai baƙin ciki a maganar, ba sai ka ce mana mu zauna mu yi ta kuka ba. Tsohuwa ce, da ka sassauta.

Batun jirgi kuma na gane. Ba ka san mu ba, ba mu taɓa neman ku ba sai da buƙata ta taso, ba kuma zan ga laifinka ba in ba ka son ɗaukar nauyin tsohuwa mai ciwon ido. Amma da ka ce mini a'a kai tsaye ya fi wannan "ki dakata". Shekarunta sun haura saba'in. Dakatawa har yaushe?

Baba ya ce a bar maganar, dama shi tun farko bai so ba. Wataƙila shi ke da gaskiya.

Rabi'atu

*

Kontagora
14 ga Yuli, 1971

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Sama da wata guda ke nan ina leƙa gidan waya, ba komai. Na tambayi Maikuɗi, ya ce zuwansa biyu bai gan ka ba.

Na sauka lafiya ranar Jumma'ar da ta wuce, an sami mace. Yanzu ina ɗaki, ba inda zan je sai na yi arba'in. Zaman nan ya sa na yi ta tunanin wasiƙar da na aiko maka. Cikin fushi na rubuta ta, ga nauyin ciki. In ita ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini.

Wani abu ya faru. Ranar da aka miƙa wa Iya jaririya ta riƙe ta ta daɗe, sannan ta ce, "Ni ma a tsibiri aka riƙe ni haka." Washegari muka ga ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce ko kuka ne ya rage, gara ta je ta yi nata a can. Ta ce in ba wanda zai kai ta, motar Maikuɗi ba ta fi ƙarfinta ba. Baba ya yi lallashi ya yi faɗa, ta ce masa ita ta haife shi.

Ina tsoron ta iso Bussa ba ta da kowa. Ko layi biyu ne, ka amsa mini.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

*

Sabuwar Bussa
24 ga Yuli, 1971

Ƙanwata Rabi'atu,

Barka da arziki! Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Nana ta ce goronmu na suna yana wuyanki.

Jiya na dawo. Aikin mako biyu ya zama na mako bakwai, injinmu ya lalace a wajen Yelwa, muka zauna jiran kayan gyara daga Kaduna. Na tarar da wasiƙunki biyu a ofis. Ta farkon na karanta ban gane ba, sai da na zauna na tuno abin da na rubuta. Da na gane, dariya ta zo mini, sai kuma na tuna tsohuwa ta yi kwanaki tana kallon bango saboda ni, dariyar ta koma.

Rabi'atu, itacen kuka nake nufi! Kukar miya! Tsohuwar kukar da ke kan tudu a bayan masallaci. Tudun ya fi ko'ina tsawo a Gungu, ruwa bai hau shi ba, tana nan tsaye da ganyenta. Ki je yanzu, kada ki ƙarasa karatun nan, ki gaya wa Iya kukar Tudun Liman tana nan. Za ta san ta.

Jirgi kuma na hukuma ne, doka ta hana mu ɗaukar kowa, shi ke nan abin da na so in ce. Wanda nake ƙullawa nawa ne. Akwai wani abokina Solomon, masunci ne daga bakin teku can kudu. A garinsu ba sa wahalar tuƙi, itace suke kafawa a tsakiyar kwalekwale su ɗaura masa babban zane, iska ta tura su. Na sami wani babban kwalekwale, muka faɗaɗa shi, Nana ta haɗa buhunan fulawa goma sha huɗu ta ɗinke. Mutanen bakin ruwa sun sha dariya ranar gwaji, har muka wuce su suna tuƙi suna gumi. Ba ƙarar inji, ba warin fetur, kuma na yi rumfa a baya saboda rana. Ban so in yi miki alkawari ba ne kafin in ga yana tafiya.

Ki turo ta yanzu. Wannan watan da na gaba ruwan tafki yake ja baya, duwatsu da gefen tudun su fito. Da ruwan damina ya iso daga sama sai ya sake rufewa. Na ɗauki hutu daga bakwai ga Agusta. Za mu bi gaɓa a hankali, muna kwana a garuruwa, ba za mu shiga tsakiya ba sai sama ta yi kyau.

Abu ɗaya ban sani ba. Na aika wa Kaka cewa yayarsa na zuwa. Ɗan aiken ya ce tashi kawai ya yi ya shiga ɗaki.

Yayanki,
Dogo

*

Kontagora
4 ga Agusta, 1971

Yaya Dogo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kunya ta hana ni sanin ta inda zan fara. Malamar da ke koya wa yara karatu, ga ta ta kasa karanta kuka! Baba ma ya ce shi ne ya fara jawo ta da muryar da ya karanta.

Da na gaya wa Iya sai ta ce, "Ta Tudun Liman? Wadda ke da kogo ta gabas?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me kuka sani a gidan nan?" Rabon da ta yi mana faɗa irin wannan tun kakanmu na da rai. Har daɗi muka ji.

Za ta taso jibi Jumma'a a gaban motar Maikuɗi, ta hanyar Zugurma, tare da matarsa Asibi. Wannan takarda tana hannun Asibi, da maganin ɗigawa a ido, safe da yamma. Za ta ce maka ta sa, kada ka yarda sai ka gani. Ba ta iya ganin nesa, amma ba ta so a riƙe mata hannu.

Na so ƙwarai a ce da ni. Ka zama idona, ka rubuto mini komai, kada ka tsallake ko da abin bai yi daɗi ba. A wannan karon ni zan fara karantawa.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

*

Sabon Gungu
16 ga Agusta, 1971

Ƙanwata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Iya lafiya, ido ana ɗiga masa magani ko da rigima. Yaya jego, yaya jaririya? Kin ce komai, to ki gyara zama.

Mun tashi daga Bussa ranar Lahadi da hantsi, ni da Solomon da Iya. Da muka ɗaga zanen iska ta cika shi, jirgi ya soma tafiya ba mai tuƙi, Iya ta riƙe gefe ta yi salati. Can ta saki hannu ɗaya ta tsoma a ruwa. Ta ce da Solomon, "Ɗan nan, da an san wannan dabara a zamaninmu da kafaɗata ba ta lalace ba." Kafin azahar sun zama abokai, yana kiranta Mama, tana gyara masa Hausa.

Mun yi kwana biyu muna bin gaɓar gabas. Ga tsibirai ƙanana sun fito saboda janyewar ruwa, ciyawa kore shar, Fulani sun ƙetarar da shanu. Ga busassun itatuwa tsaye cikin ruwa, farin balbela a kansu kamar an shanya wanki. Mun ga dorina uku daga nesa. Iya ba ta gansu ba, amma ta ji numfashinsu kafin mu, ta ce mu yi dama. A wata tunga, zangon masunta, matan Sarkawa suka gasa mana kifin ƙarfasa, ta cinye biyu ta tsotse kai, ta ce gishirin ya yi kaɗan.

Ranar Talata muka iso Sabon Gungu. Kaka yana zaune a ƙofar gida. Ta tsaya a gabansa, ya ɗaga kai ya ce, "Kin zo." Ta ce, "Na zo." Suka gaisa kamar maƙwabta. Aka kawo ruwa, aka kawo abinci, ba wanda ya ƙara komai. Na ce a raina tafiyar nan ta tashi a banza.

Washegari da safe na ce Kaka ya zo mu je Gungu. Ya ce ba ya shiga. Iya ba ta roƙe shi ba. Ta sauka bakin ruwa da sandarta, ya biyo mu daga nesa wai zai ga jirgin buhu. Har ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta juyo ta ce, "Na'inna, ni ban ga inda kuka sa Inna ba. Ranar nan fushi ya hana ni tambaya. Yaran nan ba su sani ba. In ba ka zo ba, wa zai nuna mini?"

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu ya shigo. Mutanen gari suka fito suna kallo.

Tafiyar awa uku ce. Tudun ya fito fiye da yadda na taɓa ganinsa, har da tubalin bangon masallaci. Iya ta sauka ta dafa kukar, ta zagaya ta da hannu. Amma maƙabarta tana gangare, ruwa a kanta ya fi tsayin mutum uku. Muka koma jirgi muka gangara, Kaka ya ce mu sauke zane. Ya karɓi abin tuƙi daga hannuna, ya dubi tudu, ya dubi wani dutse a gaɓar yamma, ya ja baya kaɗan, ya sake ja. Sai ya ce, "Nan."

Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, Solomon ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Da aka shafa, Kaka ya yi magana bai dube ta ba. Ya ce, "Na aika mutum tun tana numfashi. Kullum sai ta tambaye ni ko kin iso. Ranar da muka rufe ta na tsaya a mashaya har la'asar ina duban jirage. Da kika zo bayan kwana uku, haushin ne ya sa na ce miki baƙuwa. Ba baƙuwa ba ce ke."

Iya ta ce, "Ɗan aikenka a garin Auna ya kwanta zazzaɓi. Ranar da ya iso ranar na taso, ko kaya ban ɗauka ba."

Ya ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ai ba ka tambaya ba. Tun kana yaro haka kake."

Daga nan suka juya Gunganci, harshen mutanen Gungu, ni kuma nawa bai kai in bi su ba. Na dai ga tana share fuska da gefen mayafi, shi kuma yana ta faman gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

A hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas da la'asar. Ni da Solomon muka so mu yi tsere da shi zuwa gaɓa. Kaka ya daka mana tsawa, ya ce a naɗe zane, ya kai mu bayan wani tsibiri inda iska ba ta bugu. Ya ce a da nan ne mashigin tsohon kogi. Muka fake ƙarƙashin rumfa, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya wuce. Mun jiƙe sharkaf amma ba abin da ya same mu. Ki faɗa wa Alhaji wannan a hankali.

Yanzu ga saƙon Iya, tana zaune kusa da ni, ta ce in rubuta yadda ta faɗa: "Rabi'atu, ki gaya wa Abdulƙadiri kada ya aiko mota, ban gama ba. Akwai 'ya'yan ƙawayena a tungaye uku da ban gani ba. Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. In kin yi arba'in ki zo da yarinyar, Dogo zai ɗauke ku."

Hutuna saura kwana biyar. Gobe in Allah ya kai mu za mu nufi Yelwa, Iya tana so ta ga kasuwa, Kaka kuma ya ce ba zai bar yara su kai yayarsa cikin duwatsun Rofiya su kaɗai ba. Tun asuba ya sa Solomon ya koya masa ɗaurin zanen, yanzu har yana cewa mun kafa itacen a karkace.

Bari in rufe, mai kai wasiƙu zai tashi. Iya ta riga ta sauka bakin ruwa, ina jiyo su daga nan, ita da Kaka, suna gardama a kan wanda zai zauna a gaba gobe.

Yayanki,
Dogo